Rangadin yini ɗaya a tsohon garin Khalil: ɗan jagora ya cancanci kuɗinsa

Daga Birnin Ƙudus zuwa Khalil, garin Yammacin Kogin Jordan da Turawa ke kira Hebron, tazarar ba ta wuce kilomita 30 ba, amma kada a auna tafiyar da nisa. Masu shirya rangadin yini ɗaya sukan ce a fito da sassafe a dawo da yamma, sai dai sojan da ke kan shinge shi ke riƙe da agogo. Mai son sauƙin kuɗi zai hau bas mai lamba 231 daga Bab al-Amud, ɗaya daga ƙofofin tsohon birnin Ƙudus, zuwa Baitalami, daga nan ya shiga motar haya da ake kira "sarbis" ta bi hanya ta 60 zuwa Khalil, ya haɗu da ɗan jagora a Bab al-Zawiya, a tsakiyar garin. Fasfo da ƙaramar takardar shiga da aka ba mutum a kan iyaka su kasance a aljihu, domin za a nemi ganinsu fiye da sau ɗaya. A riƙe tsabar shekel, kuɗin Isra'ila, a tsohuwar kasuwa kati ba ya aiki sosai.

Amfanin ɗan jagora ɗan gari shi ne, abin da aka zo gani ido kaɗai ba ya gane shi. Yarjejeniyar 1997 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ta raba garin biyu: H1, kusan kashi 80 cikin 100, a hannun Hukumar Falasɗinawa, sai H2 a hannun sojojin Isra'ila, inda tsohon gari da Masallacin Annabi Ibrahim suke, da ɗaruruwan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a tsakiyar dubban Falasɗinawa. Baƙo zai ga raga a shimfiɗe saman kasuwa ya ɗauka rumfa ce. Jagora ne zai ce ɗaga kai, ya nuna duwatsu da kwalabe da sharar da ragar ta tare daga benayen sama. Shi ne zai nuna ƙofofin shagunan da aka liƙe da walda, ya faɗi wanda ke sayar da kaya a ciki a da can. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Isra'ila, B'Tselem, ta ƙirga shaguna 1,829 a rufe a tsakiyar garin a 2007.

Wurin da rangadin ya fi ratsa jiki, kuma a nan ne yake da gibi, shi ne titin Shuhada. An hana motocin Falasɗinawa bin sa a 1994, daga 2000 aka hana su ko takawa a yawancinsa. A shinge na 56 akwai ƙofar ƙarfe mai juyawa da na'urar bincike. Baƙo mai fasfon waje yakan wuce, jagoran da aka haifa a unguwar kuma ya tsaya a baya ya ce mu haɗu a can gaba. Ke nan a titin da ya fi buƙatar bayani babu mai bayani. Jagora nagari yakan yi wa mutum karatun titin tun kafin a rabu: inda tsohuwar tashar mota take, inda ginin 'yan kama-wuri-zauna na Beit Hadassah yake, da barandar da aka kewaye da waya. Wanda bai yi haka ba, to ya rage aiki. Baƙo Musulmi ya sani ana iya tambayarsa addininsa, kuma amsar na iya sa a mayar da shi.

Masallacin Annabi Ibrahim an raba shi biyu tsakanin Musulmi da Yahudawa bayan 25 ga Fabrairu 1994, ranar da Baruch Goldstein, wani ɗan kama-wuri-zauna, ya harbe masallata 29 a sallar asuba cikin Ramadan. Ana shiga ɓangaren Musulmi ta shingaye, a cire takalmi, mata a ba su abin rufa idan ba su zo da shi ba. A nan yawancin masu rangadi ke gaggawa, abin haushi, domin mumbarin itacen da aka sassaƙa a 1091, wanda Salahuddin ya kawo garin, ya isa a tsaya masa. A bisa tsari, kwana goma a shekara ana ba Yahudawa ginin gaba ɗaya, kwana goma a ba Musulmi. Wanda bai duba kalanda ba zai iya yin tattaki ya tarar da ƙofa a rufe. Juma'a da Asabar ma ba ranakun zuwa ba ne.

Abin da ke lalata rangadi kusan guda ne: a rufe shinge ko ƙofar ƙarfen bakin gari ba sanarwa, kuma tun Oktoban 2023 hakan ya ƙaru. Kafin a biya, a tambaya ko ana mayar da kuɗi idan hanya ta rufe, da kuma irin lambar motar. Mai lamba rawaya ta Isra'ila tana shiga Ƙudus, ta Falasɗinawa ba ta shiga, sai an sauya mota a hanya. Ɗaukar hoton soja a shinge na iya jawo tsaiko, kuma sau da yawa jagora ne ke shan wahalar bayan baƙi sun tafi.

Wasu kan haɗa da masaƙar Hirbawi mai saƙa kufiyya, wato rawanin Falasɗinawa, tun 1961, da wurin masu hura gilashi. Masaƙar ta cancanci minti talatin. Idan lokaci ya ƙure, a bar gilashin a ci abincin rana a gidan ɗaya daga iyalan H2, idan jagora ya shirya hakan, a kuma biya su hannu da hannu.