Akwatin jet na kafireta: yana da amfani a Mambila, amma a bi a hankali

Babur ɗin da ke tafiya garau a Jalingo, da ya wuce Mayo Selbe ya kama hawan dutse zuwa Gembu, sai ya fara tari, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin. Ba lalacewa ya yi ba. A tudu mai tsawon mita 1,500 iska ta ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari, jet kuwa, wato ɗan ƙarfen tagulla mai rami da mai ke bi a cikin kafireta, bai rage man da yake zubawa daidai da haka ba, sai mai ya rinjayi iska.

Akwatunan jet marasa suna da masu kayan babur ke sayarwa suna magance wannan, in an san yadda za a yi da su. Lambar jet irin na kamfanin Keihin kusan faɗin raminsa ce: 100 na nufin milimita ɗaya. Babur mai jet 100 a ƙasan dutse, 98 ko 95 zai ishe shi a Gembu. A Jos sau da yawa mataki ɗaya ya wadatar. Kada a haɗa da lambar jet na kamfanin Mikuni, lissafinsu daban.

Kafin a taɓa jet, a wanke matatar iska tukuna, don toshewarta ma alamunta ke nan. Sai a kashe mai, a kwance kofin kafireta, a rage lambar babban jet mataki ɗaya kawai. A sa sabon filogi, a ja totur sosai a hawa, a kashe inji nan take a duba. Kalar shayi da madara ake nema. In tsakiyar totur ne ke nauyi, a ɗaga zoben allurar kafireta gurbi ɗaya, allurar ta sauka, mai ya ragu.

Aibin jet ɗin akwatunan nan biyu ne. Tagullar laushi gare ta, sukudireba da bai cika bakin ba zai cinye ta tun juyin farko. Sannan lambar da aka buga ba kullum take gaskiya ba: a jera su a hasken tocila, wani 95 ɗin ya fi 98 faɗi. Shi ya sa filogi ne alƙali, ba rubutun ba.

Babban haɗarin yana wajen gangarowa daga dutsen. Jet mai ƙaramar lamba a zafin garin Bali yana barin inji da ƙishin mai, filogi ya yi fari fat, bawul ya ƙone ko fistin ya kame. A ƙulle tsohon jet a leda a ƙarƙashin sirdi, a mayar da shi a gindin dutse.