Rubuta wa bandin makaranta kiɗa da tace bidiyo: inda suka haɗu da inda suka rabu

Wani malamin kiɗa ya yi mana tambaya. Ya ce ya daɗe yana rubuta wa 'yan badujalar makarantarsu abin da za su busa, yanzu kuma yana so ya koyi tace bidiyo don ya riƙa haɗa wasanninsu da kansa. Shin ayyukan biyu sun yi kama, kuma me zai ɗauko daga wanda ya iya ya kai wa wanda zai koya?

Malam, sun yi kama wajen ƙidayar lokaci, amma sun sha bamban wajen gyaran kuskure. Mai rubuta kiɗa yana aiki ne kafin a busa, in wani wuri ya ƙi zama sai ya ɗauki fensir a wurin atisaye ya sauya. Mai tace bidiyo kuwa bayan an gama yake zuwa, abin da kyamara da makirfo suka kama shi ke nan kayan aikinsa.

Mu fara da manhaja, don nan mutane suka fi ɓata lokaci. A ɓangaren rubutu, MuseScore kyauta ce kuma ta ishi kowane bandin makaranta. Cikakkun sigogin Sibelius da Dorico na kuɗi ne. Finale kuwa kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024, saboda haka duk mai tsofaffin ayyuka a cikinta ya fitar da su a tsarin MusicXML, wanda sauran manhajojin ke iya buɗewa. A ɓangaren bidiyo akwai DaVinci Resolve mai sigar kyauta, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi, RAM ɗinta, wato ma'adanar da take aiki da ita nan take, ya kai gigabait 16. In taka ba ta kai ba, Shotcut ko Kdenlive za su yi maka aikin, CapCut kuma tana tafiya a waya. Ka lura da wannan bambancin: fayil ɗin kiɗa mai shafi ashirin ɗan ƙarami ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa, alhali bidiyon minti goma na iya sa ta riƙa tsayawa tana huci.

Wajen ƙidaya ne ka riga sauran masu koyo nisa. Kai da bugu kake ƙirga lokaci, bidiyo kuma da firem, wato hotunan da ke wucewa a sakan ɗaya, galibi 25 ko 30. In kiɗa yana tafiya a bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, wato firem 15 a bidiyo mai firem 30. Gida ɗaya mai bugu huɗu ya zama sakan 2, firem 60. A mai firem 25 kuwa bugun ya zama firem 12 da rabi, ba ya faɗawa daidai kan layi, to sai ka bi kunnenka. Yawancin masu koyon tacewa sai sun sha wahala kafin su gane inda ya dace a yanka hoto, kai kuwa ka san farkon kowace jimlar kiɗa tun kafin ta zo. Shawararmu ita ce kada ka jira masu ƙaho su fara sannan ka nuna su. Ka yanko su bugu ɗaya kafin shigarsu, lokacin da suka ɗaga ƙahonin suna jan numfashi, mai kallo ya ga shigar tana tahowa.

Kowane ɓangare yana da tarkonsa na rashin daidaito, kuma dukansu ba sa nuna kansu sai an yi nisa. A rubutu, tarkon shi ne kayan busan da abin da aka rubuta musu daban, abin da ke fita daban. Ƙaho da kilarinet na B filat suna fitar da sauti mataki ɗaya ƙasa da rubutunsu, don haka in kana son a ji B filat sai ka rubuta musu C. Alto saksofon na E filat ne, G za ka rubuta masa don a ji B filat ɗin. Hon na F, wato ƙaho mai naɗi, shi kuma F za ka ba shi don a ji wannan sautin. Sarewa da tirombon da tuba abin da aka rubuta shi suke fitarwa. MuseScore na yin wannan juyi da kanta, amma akwai maɓallin da ke nuna ainihin sautin da za a ji, kuma in ka manta shi a kunne a takardun da ka buga, rabin bandin zai busa a wani ki, wato jerin sautukan da aka gina waƙa a kai, rabi a wani. Wannan juyin ne ma ya sa ake fara yara da ki na B filat, E filat da F. Waƙar da ta zauna lafiya a ki na D a kan fiyano, in ta je hannun mai ƙaho ta koma E mai shaf huɗu (shaf alama ce ta ɗaga sauti rabin mataki), mai alto kuma B mai shaf biyar, yaron da ya fara bara ba zai iya ba.

Takwaran wannan a bidiyo shi ne sauti da hoto su rabu. Sanadinsa uku ne. Na farko, wayoyi da yawa suna ɗauka da firem mai sauyawa, in haske ya ragu sai adadin ya sauka, to farkon bidiyo ya zauna daidai, can wajen minti na takwas sandar mai ganga ta sauka kafin a ji bugun. Maganinsa ka bi da fayil ɗin ta HandBrake, ita ma kyauta ce, ka zaɓi tsayayyen firem kafin ka shigar da shi manhajar tacewa. Na biyu, naɗar sauti a kilohaz 44.1 alhali bidiyo da 48 yake aiki. Ka saita na'urar naɗa a 48 tun farko ka huta. Na uku nisa ne. Sauti na tafiya kimanin mita 343 a sakan, saboda haka kyamarar da ke mita 14 daga bandin tana jin bugu a makare da kusan firem ɗaya. Kafin a fara, ka sa wani ya tsaya inda duk kyamarori ke ganinsa ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi. A manhaja za ka ga tafin ya yi tsini a zanen sautin kowane fayil, sai ka jera tsinayen a layi guda.

Sai iyakar kayan aiki. A rubutu, iyakarka yaran ne da kansu. Kwamfuta ba ta numfashi, za ta busa maka gida goma sha shida a jere ta ce lafiya lau. Gida huɗu a bugu 100 ya kusa sakan 10, kuma nan ne ƙaramin yaro ke neman iska, don haka ka bar masa gurbi. Mai ƙahon da bai yi ƙarfi ba a tsare shi tsakanin C ta ƙasa da C ta samanta. Kilarinet na da wani tsallake tsakanin B filat da B a tsakiyar layuka: a ta farko kusan duk ramukan a buɗe suke, a ta biyu sai an rufe su duka a lokaci guda, in rami ɗaya ya ɗan yi yoyo sai ka ji ƙara kamar an taka ɗan tsako. Kada waƙar masu farawa ta riƙa kai da komo a kan wannan wurin. Bandin makaranta kuma da wuya ya cika: sarewa ta yi yawa, tuba ɗaya ce ko babu. Ka ninka layin ƙasa a tirombon da tena saksofon, ka kuma rubuta duk wata shiga mai muhimmanci da ƙananan haruffa a takardar wani, ko da mai ita bai zo ba.

A bidiyo, iyakarka makirfo ne, kuma a nan muka fi so ka dage. Ɗan makirfon waya yana da tsarin da ke rage ƙara in ta yi yawa, ya ɗaga ta in ta yi ƙasa. Wannan ya yi wa magana kyau, amma yana kashe kiɗa, don duk hawa da saukar da ka sha wahalar koya wa yara sai ta baje ta zama ɗaya. Ka nemi ƙaramar na'urar naɗar sauti, ka kashe mata wannan tsarin, ka kafa ta a bayan mai ba da hannu, sama da kansa, tana kallon tsakiyar bandin. In ta yi ƙasa, layin gaba kaɗai za ta ji. In ta kusanci masu ganga, su za su cinye komai. Ka sa su busa wurin da ya fi ƙara a waƙar, ka saita har ma'aunin ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. Sautin da ya kai sifili ya fashe, babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake.

Tsarin aikin ma ya yi kama da babbar takardarka mai ɗauke da kiɗan kowa, layi bisa layi. Ka shimfiɗa sautin na'urar a ƙasa daga farko har ƙarshe, kada ka taɓa shi. A samansa ka ɗora kyamarar da ta ɗauki bandin gaba ɗaya, a kafe kan ƙafa, a kwance, an kulle mata haske da saiti. Sama da ita sai ta kusa. Duk inda ta kusa ta girgiza ko ta ɓata, ka yanke wurin, ta ƙasan za ta rufe. Sautin kyamarorin kuma a kashe shi da zarar an gama jera tafi, in ba haka ba sai ka ji amsa-kuwwa. Rubutu mai tsalle da hoto mai juyawa ka ƙyale su tukuna, yanka kai tsaye ya wadatar. Wajen fitarwa, girman hoto na 1080p a tsarin matse bidiyo na H.264 da megabit 8 a sakan ya isa YouTube, nauyin fayil ɗin kusan megabait 60 ke nan a kowane minti.

Abu ɗaya ya hau kan ɓangarorin biyu, shi ne haƙƙin mallaka. Sake tsara waƙar wani don bandi na bukatar izinin mai ita, muddin ba ta fita daga kariyar doka ba. Abin da aka busa a zauren makaranta ya wuce a ranar, amma da ka ɗora shi a YouTube tsarinsu na Content ID na iya gano waƙar ya ɗora mata da'awa, ko da yaranka ne suka busa. Waƙar da ka ƙirƙira da kanka ba ta da wannan matsala, don haka da ita za ka fara. Tunda kuma fuskokin yara ne za su fita, ka karɓi amincewar iyaye da ta hukumar makaranta a rubuce kafin ranar ɗauka, wanda ba a amince masa ba a zaunar da shi inda kyamarar kusa ba za ta kai ba.