Masa ta yi daɗi, labulen ne da gyara

Ranar Asabar ƙawata ta ja ni wani sabon gidan abinci a nan Kano, wai sun ware wa mata ɓangarensu. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don da ƙorafi a bakina, kuma mai shi mutumin kirki ne.

Masa da miyar taushe muka ci. Masar ta tashi sosai, gefe ya soyu ƙus-ƙus, tsakiya kuma laushi tuɓus. Miyar ta ji kabewa da gyaɗa, ga ɗan tsamin yakuwa daidai misali. Zoɓon ne dai aka cika wa sukari. Yarinyar da ke hidima ba ta bari kwano ya bushe: "Anti, a ƙaro miya?" Har sau biyu na ce a ƙaro, ban ji kunya ba.

To, sai wurin zama. Kafin ki kai ɓangaren mata sai kin ratsa falon maza kaf, inda tagogi suke, da fankoki, da talabijin ana kallon ƙwallo, idanu na bin ki har ki ɗaga labule. Bayan labulen tebur huɗu ne, fanka ɗaya mai kuka, bango ɗaya da madafa, zafin tanda yana dukan bayanki. Abin da ya fi ɓata min rai, banɗakin wurin gaba ɗaya yana nan ciki. Ina tsaka da loma, mayafi a kafaɗa, wani ya yaye labule ba ko sallama ya wuce. Kafin mu tashi na ƙirga mutum biyar.

Tsarin gidajenmu suka kwaikwaya, zaure a gaba, mata a ciki kusa da murhu. Sai dai a gida baƙo ba ya wuce zaure sai da izini, su kuwa sun ɗauko fasalin sun bar ladabin. Abin ya tuna min da Heidi Nast, Ba'amurkiyar nan da ta yi bincike a Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15. A aikinta na 2005 ta nuna cewa a zamanin da, sa-ɗakan da ke can ƙuryar fada suna da hannu dumu-dumu a harajin hatsi da rumbunan sarki. Suna ciki, amma cikin nasu ne, ba wanda ke faɗo musu kai tsaye. Mu namu cikin hanyar banɗaki ce.

Duk da haka awa biyu muka yi muna hira. Ni da na girma a garin nan ban taɓa zama a bencin mai shayi ba, ko tsire sai dai in aiki yaro ko in tsaya nesa a miƙo min. Zama haka kawai a waje, ba biki ba asibiti, baƙon abu ne a wurina, kuma na ji daɗinsa.

Da za mu fita na ce wa mai wurin, "Alhaji, a matso da labulen nan gaban ƙofar banɗaki mana, a bar maza su bi ta gefe." Ya dafa kai ya ce, "Wallahi Hajiya ban taɓa lura ba." Na yarda da shi, don shi a falo yake zama.

Zan koma, da safe kafin tanda ta ɗau zafi, kuma teburin ƙarshe zan kama, na jikin kusurwa.