Takin buhu na gyaran ƙasar ma'adinai a Tawa: inda yake aiki da inda ba ya yi

Wata ƙungiyar matasa a garin Tawa na ƙasar Nijar tana sayar da ruɓaɓɓen takin dabbobi a buhunan kilo 50, tana kuma tura ma'aikata su haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, ga wanda ya biya. A talla suna cewa takinsu yana raba ƙasar da haƙar ma'adinai ta ɓata da duk wata guba. Takin mai kyau ne, tallar ce ta wuce gona da iri.

Kashin shanu da na tumaki da awaki suke kwasowa daga kasuwar dabbobi, su haɗa da yankakken karan hatsi, su yayyafa ruwa, su riƙa juyawa duk sati biyu har kusan wata uku. Tulin da aka kula da shi zafinsa kan kai digiri 60, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Yawancin buhunansu sun nuna: takin baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, da ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya jiƙa. Amma akan samu buhun da ke da ɗumi a tsakiya yana warin fitsari. Wannan bai gama ruɓewa ba, in ya taɓa iri sai ya ƙone shi. Akwai kuma yashi. Zuba gwangwani ɗaya a bokitin ruwa ka dama, abin da ya kwanta a ƙasa kuɗinka ne ya tafi a banza. Abin da ya fi damun mu shi ne guntayen leda da fasassun batura da ke biyo shara. Ba a gyaran gurɓatacciyar ƙasa da takin da ke ɗauke da batir. Rariyar waya za ta rage musu wannan aibi.

Inda takin ya cancanci kuɗinsa shi ne ramukan da aka bari bayan haƙar jips (ma'adinin da ake haɗa siminti da shi) da dutsen siminti irin na yankin Malbaza, da wuraren ɗibar tsakuwa. A nan ba guba ce matsalar ba. An kwashe ƙasar sama, saura ta zama fako, ruwa ya sauka ya wuce. Tun da rani ake cike ramuka a baje, sannan a haƙa tassa mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kamar mita ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa. Hekta tana cin rami 10,000. Kowane rami cikin hannu biyu, wajen giram 300, ke nan tan 3, buhu 60. A rufe da 'yar ƙasa don kada iska ta kwashe. Gara za ta shigo neman takin ta huda fakon, ta nan ruwa ke samun hanyar shiga. Ma'aikatan sun iya haƙa, sai dai in ba a tsaya a kansu ba sukan rage zurfi a wuri mai tauri, kuma tassar da ba ta da zurfi ruwa biyu ke cike ta da yashi. Kada a yarda su ƙara toka: ƙasar dutsen siminti da ma tana da farar ƙasa fiye da kima. Shekarar farko gamba da kyasuwa da dakwara suka fi dacewa, hatsi ya biyo baya.

Ƙasar wankin zinariya, irin ta Komabangu a jihar Tilaberi, wani zance ne daban. A nan matsalar ƙarafa masu guba ce. Taki yana riƙe dalma da kadmiyom, ya rage abin da saiwa ke sha, amma ƙarfen yana nan, kuma in takin ya ƙare riƙon ya yi sako-sako. Arsenik kuwa taki na iya sakin sa ya bi ruwa. Makyuri in ya haɗu da taki a inda ruwa ke kwanciya yakan rikiɗa ya koma nau'in da ya fi illa ga ƙwaƙwalwa. A Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, kankare ƙasar sama aka yi aka kawo sabuwa. Duk wanda ya dasa salati ko alayyafo ko zogale a irin wannan wuri don buhu ya ce ƙasa ta gyaru, yaransa yake sa wa hannu a wuta.

Mai fili a tsohon ramin jips ko na tsakuwa ya saya, amma ya buɗe buhu biyu ko uku kafin a loda amalanke. Wanda filinsa ya taɓa ganin wankin zinariya ya fara kai ƙasar ɗakin gwajin da ke auna ƙarafa masu guba, ya kuma killace wurin daga yara da dabbobi har sakamako ya fito.