Wata 14 ina hulɗa da ofishin kula da dagwalo: abin da mai gareji ya gani

Garejina yana da ramin gyara biyu da filin wanke mota ɗaya, yara shida ke aiki tare da ni. Shekara tara na yi a wurin ban taɓa tambayar kaina inda ruwan da muke korawa yake tafiya ba. Akwai bakin kwata a tsakar fili, akwai wani kusa da ƙofa, ruwa ya shiga ya ɓace, shi ke nan. Sai bara takarda ta zo daga sashen hukumar birni mai sa ido kan dagwalon da masu sana'a da masana'antu ke zubawa a bututun ƙazanta, cewa sai na nemi izini, kuma za a zo duba wurin. Abokan sana'a da yawa suna tambayata ko mutanen nan masu taimako ne ko tara kawai suke nema, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da idona ya gani.

Takardar farko ba ta yi mini daɗi ba, kuma har yau ina ganin kuskure ne a fara magana da mutum da irinta. Shafi ɗaya ce, rabinta lambobin sassan doka, ƙarshenta barazanar tara da toshe bututu. Babu layi ko ɗaya da ya faɗi dalili. Na kwana biyu raina a ɓace, ina ganin an zo ne a tatse ni.

Ranar dubawa wata injiniya ce ta zo, tare da saurayi mai riƙe mata kaya. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, yau ban zo rubuta tara ba. So nake mu gano inda ruwanka yake zuwa, domin da wuya in kai ma ka sani." Gaskiya ta faɗa. Ta ciro 'yar kwalba, ta zuba wani launi a bakin kwatar tsakar fili, aka sakar masa ruwa da tiyo. Launin kore ne shar, har yana ɗaukar ido. Saurayin ya fita titi ya ɗaga murfin ƙarfe na ramin bututun ƙazanta, muka tsaya muna leƙe. Ba a jima ba koren ruwa ya bayyana a ƙasa yana gudu. Aka koma kwatar bakin ƙofa aka maimaita. Muka jira, muka jira, shiru. Can sai ƙaramin yaron shagona ya kwala kira daga ƙarshen layi: "Oga, ga shi nan!" Koren ruwan yana fita ta magudanar ruwan sama.

A nan ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. A birane da yawa hanya biyu ce a ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya tana ɗaukar ruwan banɗaki da na wanka zuwa tashar tacewa. Ɗayar ta ruwan sama ce, ita kuwa kai tsaye take faɗawa rafi ko kogi, babu mai tace ta. Wato duk ruwan wankin inji da ya bi ta bakin ƙofata shekara tara, da baƙin mansa da giris ɗinsa, kogi ya tafi. Jikina ya yi sanyi. Da ni za a tambaya, wannan gwaji na minti ashirin shi ne abu mafi amfani da ofishin yake yi, kuma da shi ya kamata su fara kafin kowace takarda.

Sharaɗin da suka gindaya mini uku ne a taƙaice: in toshe kwatar bakin ƙofa in karkatar da ruwan, in gina tarkon mai, in bar wurin da za su riƙa ɗibar samfur. Suka ba ni wata uku, wanda ya ishe ni.

Tarkon mai ba wani abin al'ajabi ba ne. Rami ne mai ɗaki uku a jere. A na farko ruwa yana rage gudu, yashi da lakar ƙarƙashin mota su kwanta. A na biyu mai yana tasowa sama, tunda ya fi ruwa rashin nauyi, bututun fita kuma an lanƙwasa bakinsa ƙasa yadda ruwan tsakiya ne kaɗai zai wuce. Na uku shi ne inda ake ɗiba a gwada. Duk sirrin abin lokaci ne: ruwa ya samu ya tsaya ya natsu. Na gina, na ji daɗi, na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran aiki. Samfur na farko ya faɗi. Takardar izinina ta ce mai da maiƙo kada su wuce miligiram 100 a kowace lita, nawa kuwa ya kusa ninka haka sau uku. Na ce mata, "Injiniya, abin da kuka ce na gina na gina, me kuma ya rage?" Ba ta yi gardama da ni ba. Ta cika kwalbar gilashi biyu da ruwa, ta ɗiga baƙin mai a kowacce, ta zuba sabulun da muke wanke inji da shi a ɗaya, ta girgiza su duka ta ajiye a kan benci. Kafin mu gama magana, kwalbar da babu sabulu ta rabu, mai a sama, ruwa garau a ƙasa. Mai sabulun kuwa ta zama fari-fari daga sama har ƙasa, kuma haka na same ta washegari. Sabulu mai ƙarfi yana farfasa mai ya gauraya shi da ruwa, injin feshi mai zafi yana ƙara taimaka masa, sai man ya ratsa tarkon ya wuce kamar babu shi. Na tara yaran duka na nuna musu kwalaben nan biyu. Daga ranar muka sauya sabulu zuwa irin wanda yake sakin mai bayan ɗan lokaci, muka koma goge inji da tsumma kafin a taɓa ruwa, in mai ya zube a ƙasa a zuba masa garin katako a share, ba a kore shi da tiyo ba. Samfur na biyu ya wuce.

Na lura da yadda suke ɗibar samfur, domin a nan ake gane mai aiki da gaskiya. Na mai a kwalbar gilashi suke ɗiba, tunda mai yana manne wa roba. A rufe, a rubuta rana da lokaci, in sa hannu, a saka a kula mai ƙanƙara. Ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya yi tsamin asid ko ya yi kaifin kanwa, a nan take suke aunawa a gabana, haka ma zafin ruwan. Ban taɓa ganin sun yi ha'inci ko sun nemi wani abu a hannuna ba, kuma ba su taɓa gaya mini ranar da za su zo ɗiba ba. Da farko hakan ya dame ni, yanzu na yarda shi ne daidai.

Akwai abubuwan da takardar ta hana gaba ɗaya, ko ɗigo: fetur, tina, kananzir, ruwan batir. Na tambayi dalilin tsananin. Injiniyar ta ce in je in karanta abin da ya faru a Gwadalahara ta ƙasar Meksiko. Na karanta. Ranar 22 ga Afrilu, 1992, fetur da ya yoyo daga wani bututun mai ya taru a bututun ƙazantar birnin. Kwanaki mutane suna kukan wari yana tasowa daga kwatoci. Da abin ya kama, tituna suka tsage na tsawon kusan kilomita 8, mutum fiye da 200 suka mutu. Tun da na karanta wannan, in na ga yaro ya ɗauki kwanon fetur da aka wanke kabureta zai nufi kwata, ba na jira ya kai. Ruwan batir shi kuma yana cin siminti da ƙarfen bututu. Shi ya sa a Amurka dokar tarayya ta hana zuba ruwan da pH ɗinsa ya yi ƙasa da 5 a bututun birni sai in an gina shi don jure hakan, ta hana abin da tururinsa ke iya kama wuta a zafin da bai kai digiri 60 na ma'aunin Salshiyas ba, ta kuma hana zafin da zai sa ruwa ya wuce digiri 40 a tashar tacewa.

Sannan akwai mutanen da ke shiga ramukan nan. Wata rana na tsaya kallon ma'aikatansu suna gyara a layinmu. Kafin kowa ya sauka sai da suka zura na'urar auna iska da igiya, domin ƙazanta in ta daɗe a bututu tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ma ya daina jin ta, mutum ya faɗi babu gargaɗi. Wanda ya sauka bai fi ɗana na fari shekaru ba. Duk abin da na zuba a sama, a kansa yake sauka. Wannan ya fi kowace tara tasiri a zuciyata.

Sun kuma gayyaci masu izini zuwa tashar tacewa, na je. Manyan tafkuna ne na siminti, ruwa ruwan ƙasa yana tafasa da kumfar iska da ake hura masa daga ƙasa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye ƙazantar, dabarar da aka gano a Manchesta ta Ingila a 1914. Halittu ne masu rai, an tanade su don ƙazantar gidaje. In guba ta zo musu da yawa lokaci guda sai su mutu, tashar ta yi kwanaki tana sakin ruwan da bai tatu ba. Ƙarafa irin su dalma daga batir, jan ƙarfe daga birki, zinki daga taya, ba sa narkewa su ɓace. A cikin lakar da ta kwanta suke taruwa, kuma in sun yi yawa lakar ba ta zuwa gona a matsayin taki.

To, yabon ya tsaya nan, domin ofishin kansa bai kai ma'aikatansa na fili ba. Fom ɗin neman izini na manyan masana'antu ne aka miƙo wa mai gareji. Ana tambayata yawan ruwan da nake fitarwa a kowace awa da zanen bututun ƙarƙashin ginin da ba ni na gina ba. Sau biyu aka dawo mini da shi, kuma ma'aikata biyu a teburi ɗaya suka ba ni amsa iri biyu kan tambaya ɗaya. Wayarsu sai ka kira ka gaji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin sakamako. Samfur ɗin nan da ya faɗi, sai bayan mako bakwai na sani. Mako bakwai ina tura mai cikin bututu da zuciya ɗaya, ina ganin na gyara. In manufar ita ce kare bututu da tashar, wannan jinkiri su kansu yake cuta.

Sun wajabta mini kwashe tarkon kafin laka da mai su cika kashi ɗaya cikin huɗu na zurfinsa, kuma sai mai lasisi ne zai kwashe, in ajiye rasit. Madalla. Amma da na nemi jerin masu lasisin, sai aka ce in nemo da kaina. Mutumin farko da na samu, da na tambaye shi inda yake kai abin da ya kwasa, sai ya kau da kai. Na sallame shi. Wane amfani ne in tare mai a garejina, wani ya ɗauka ya juye a rami bayan gari?

Magana ta ƙarshe ita ce ta adalci, kuma ita ce abokan sana'ata suka fi jin zafinta. Wanda ya yi rajista shi ake ziyarta. Akwai masu irin aikina da ba su da takarda ko ɗaya, da dare suke juye duro a kwata, kowa a layin ya sani. Na kai rahoto sau biyu ba tare da ambaton sunan kowa ba, na dai faɗi layin da lokacin. Injiniyar ta ce mini, "Malam, mu huɗu ne a duk sashen." Na yarda da ita, amma wannan amsa ba ta hana mai bin doka ya ji kamar shi ake hukuntawa ba. Na'urar ɗibar samfur mai aiki da kanta, irin wadda ake ratayawa a ramin titi ta yi awa 24 tana ɗiba, ita za ta kama masu aikin dare. Na san suna da ita, domin na gan ta a motarsu.

In taurari biyar ake bayarwa, ma'aikatan fili sun ci biyar, teburin ofis biyu. Mai gareji, mai wanki, mai rini, mai fenti, duk wanda sana'arsa ke fitar da ruwa, shawarata ya je ya same su kafin takarda ta same shi, ya roƙi gwajin launi tun farko, ya nemi a rubuta masa duk abin da aka faɗa da baki, ya kuma buɗe littafi yana rubuta ranar kwashewa da sunan mai kwashewa. Nawa a rataye yake jikin ƙusa kusa da tarkon, kowace Asabar babban yarona yana zura sanda ya auna kaurin man ya rubuta.

Yanzu haka akwai duro biyu na tsohon ruwan lagireto a bayan shago. Takardar ta hana in zuba shi a kwata, mai sayen baƙin mai ba ya karɓarsa. Na rubuta wa ofishin tun wata biyu da suka wuce ina tambayar inda zan kai, kuma ranar Litinin zan sake komawa da kaina.