Petit Verdot, Malbec ko Cabernet Franc: wanne za ka ɗauko?

Duk mai yi wa otal ko gidan abinci sayayyar jar giyar inabi ya san ciwon kan kwalaben Bodo na Faransa. Sunan yanki suke rubutawa a gaba, irin inabin kuwa sai ka juya bayan kwalbar, in ma sun ga dama sun faɗa.

In ka ga Petit Verdot a jerin ire-iren inabin da aka haɗa a kwalbar, galibi bai wuce kashi biyu zuwa biyar cikin ɗari ba, kuma ba rowa ce ta sa ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, ruwansa har ya kusa baƙi, ga bauri mai kama harshe irin na goro. Daddawa ce a miya, ɗan kaɗan ya isa. Babbar matsalarsa jinkirin nuna: a Medok da ke yankin Bodo sai inabin Cabernet Sauvignon ya nuna shi yana nan shar, abin da ya jawo masa sunan ke nan, wato "ɗan kore". Saboda haka in zallarsa kake so a kwalba, nemi na inda rana take da ƙarfi, kamar Ostiraliya, Kalifoniya ko yankin Toledo na Sifen. Ni dai ba zan cika kanta da shi ba, masu nemansa ba su da yawa.

Malbec ne mai sauƙin sayarwa. Tsananin sanyin 1956 ya kashe gonakinsa da dama a Bodo, manoma da yawa ba su sake dasa shi ba. Amma tun tsakiyar ƙarni na 19 aka kai shi Ajantina, kuma a tuddan Mendoza ya samu gida. Na can ya fi laushi a baki, yana tafiya da gasasshen nama. Na Kahor a Faransa, inda doka ta ce sai ya kai kashi 70 cikin ɗari, ya fi bauri, yana son a ajiye shi ya ɗan kwana biyu.

Cabernet Franc bai kai su nauyi ba, yana da ɗan ƙamshin koren tattasai. Na Shino da ke kwarin Luwar a Faransa shi ne abin nema.

Kowanne ka zaɓa, duba inda mai kaya ya ajiye shi. Kwalbar da ta sha zafi, har ruwan ya tsiyayo ta gefen toshiyarta, mayar masa da abinsa.