ELM327, 'yar na'urar gwajin mota: lamba take bayarwa, bakanike ke gano ciwon

A garejojin Sakkwato, daga Buzaye har ƙananan rumfunan bakin titi, an fara sabawa da wata 'yar na'ura da girmanta bai fi kwalin ashana ba, ELM327. Ana soka ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da waya ta Bluetooth da lambar 1234 ko 0000, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner, sai ƙwaƙwalwar mota ta fara faɗin abin da ke damunta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wannan soket, na Turai masu shan fetur kuwa daga 2001. Ke nan yawancin Corolla, Camry da Accord da ke kan titunanmu za su amsa mata.

Kaya ne mai kyau, kuma mai araha. Tana karanta lambar matsalar da ta kunna wutar cek injin, tana nuna zafin ruwan lagireto, juyin inji da ƙarfin batir nan take. Batir lafiyayye zai nuna wajen 12.6 idan inji na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin mai mota da mai gyaran wuta.

Sai dai a nan ne mutane ke ruɗewa. Na'urar ba ta taɓa cewa ga abin da ya lalace. Iyakarta ta ce ga inda mota ke kuka.

Ɗauki lambar P0171, wadda ake yawan cin karo da ita. Ma'anarta iska ta fi mai yawa a cikin inji. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, kuma sensar da ke jikin bututun hayaƙi ce ke ba da labari idan aka saɓa. Mai gaggawa sai ya sayi sabuwar sensa, alhali ita 'yar aike ce kawai, gaskiya ta faɗa. Bakaniken da ke aiki da kansa zai buɗe layin da manhaja ta rubuta LTFT, wato yawan man da ƙwaƙwalwar mota ke ƙarawa don cike giɓi. Idan ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauko da aka taka totur zuwa juyi 2,500, to iska ce ke satar shiga ta wani wuri, galibi tiyon roba da ya tsage. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a garin nan ba ya barin roba ta yi tsawon rai. Idan kuwa a silo lafiya lau, sai an taka adadin ke hawa, hankali ya koma kan famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta toshe, ko sensar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe saboda matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba. Ita wannan sensar fesa mata ruwan wankinta na musamman ake yi, a bar ta ta bushe. Ba a taɓa siririyar wayar cikinta da yatsa, ba a wanke ta da fetur.

Lamba ɗaya, dalilai huɗu ko biyar, kuma babu manhajar da za ta zaɓa maka. Mutum ne zai tsaya ya tambayi mai mota yaushe abin ya fara, a ina ya sha mai na ƙarshe, gidan mai ne ko wajen 'yan bumburutu, wa ya taɓa injin kafin yau. Wannan tunanin shi ne ainihin gyaran, kuma ya kamata a riƙa biyan kuɗinsa da daɗin rai, ko da bakaniken bai kwance ƙusa ko ɗaya ba.

P0301 ta fi sauƙi, silinda ta ɗaya ce ke fashin wuta. Kafin a sayi komai, a musanya kwayil ɗinta, wato abin da ke aika wa filogi wuta, da na ta biyu, a goge lambar, a zaga da motar. Idan ta dawo P0302, kwayil ne. Idan ta tsaya a P0301, a yi wa filogi irin wannan musanya, sannan a duba nozul da ƙarfin matsin silindar. Minti ashirin ne, ba ko sisi.

P0420 kuwa tana nufin abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi ba ya aikinsa. Wani lokaci an cire shi tun kafin motar ta zo hannunka, wani lokaci fashin wutar da aka daɗe ana ƙyalewa ne ya ƙona shi. Wanda ya sa sabo bai magance fashin ba, zai sake saye. Haka P0128, inji ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa, wajen digiri 85 zuwa 100. Sau da yawa dalilin shi ne al'adar nan ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye don tsoron zafin gari. Injin da ke zama da sanyi mai yake ƙara sha, mai mota kuma yana ta zargin tsadar fetur.

Na'urar tana da aibunta. Asalin guntun lantarkin da ke cikinta na kamfanin Elm Electronics ne na ƙasar Kanada, amma kusan duk waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne. Masu rubutun v2.1 sun yi suna wajen ƙin haɗuwa da wasu motoci, masu v1.5 sun fi biyayya, don haka a gwada a jikin mota kafin a biya. Da manhajar kyauta inji kawai take gani a yawancin motoci, ba ta shiga ɓangaren birkin ABS ko jakar iska, wannan sai babbar na'ura. Kada a bar ta a soke, domin soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli, idan mota ta yi kwanaki a ajiye tana iya zuƙe batir.

Babban haɗarinta maɓallin goge lamba. Danna shi yana kashe wutar cek injin, ciwon yana nan, kuma yana share bayanan da mota ta adana a daidai lokacin da matsalar ta auku, irin su gudu, zafi da juyin inji, waɗanda su ne bakanike zai yi tunani a kansu. A ɗauki hoton shafin da waya tukuna. Mai sayen mota ta hannu ma ya duba layin da ke nuna ko gwaje-gwajen cikin mota sun kammala. Idan da yawansu na cewa ba su shirya ba, to kwanan nan aka goge lamba ko aka cire kan batir, sai a nemi a yi doguwar tafiya da motar a sake sokawa kafin a yi maganar ciniki.